Geron Inna da Tekuna Biyu

Sau ɗaya na taɓa ganin teku da idona, kuma ba mu rabu da daɗi ba. An tura mu taron bita Legas, da aka tashi sai na ce bai kamata mutumin da yake cin tuwo da sunan teku ya koma gida bai je sun gaisa ba. Na tafi cikin babbar riga da hula, na tsaya a bakin ruwa, hannuwa a baya, kamar wanda ya zo duba aikin ɗan kwangila. Igiyar ruwa ɗaya ta taso ta jiƙa ni har gwiwa, da za ta koma ta tafi da takalmina na hagu. Haka na koma masauki ina ɗingishi, masu sayar da kwakwa suna yi mini sannu cikin dariya. Wannan bai hana ni dawowa Abuja in ci gaba da yi wa mutane bayanin halin teku ba, kai ka ce unguwarmu ɗaya.

Aikina ke nan. Ina wani ofishin gwamnatin tarayya da ke lura da yanayi, a shekarun da sojoji suka koma bariki, kuɗin mai ya fara shigowa, duk inda ka juya a Abuja gini ne yake tashi. Mu ma an tuna da mu. Aka kawo mana sababbin kwamfutoci, aka ware musu ɗaki na musamman mai esi da janareta, ɗakin da ya fi na darakta sanyi. Kowace safiya taswirar tekunan duniya takan fito mini a allo, inda ruwa ya ɗumama ja, inda ya huce shuɗi. Daga waɗannan launuka nake ƙoƙarin gano yadda damina za ta zo wa manomin da ko sunan tekun bai taɓa ji ba.

Abin ba tatsuniya ba ne, ko da yake yawan surutuna ya sa ya yi kama da ita. Teku tukunya ce a kan murhu, rana ce wutar. Inda ruwan ya yi ɗumi tururi yakan tashi, iska ta bi shi, hadari ya taru a can. Iskar kuma ita ke tura ruwan ɗumin daga wannan gefe zuwa wancan, saboda haka in ka tambaya wa ya fara, ruwa zai nuna iska, iska ta nuna ruwa. Daminarmu daga tekun Atlantika take tasowa. Iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko ta, ta haura da ita sannu a hankali, ta fara jiƙa Legas, ta zo Abuja, sai can daga baya ta isa garinmu da ɗan abin da ya rage. Amma akwai wani babban teku a ɗaya gefen duniya, Pasifik, wanda in tsakiyarsa ta ɗumama fiye da ƙima yakan hargitsa iskar sama, har daminar arewacinmu ta zo a makare ko ta ɗauke da wuri. Ba kullum ba. Sau da yawa dai. Shi ya sa maganar da ta fi yawa a bakina ita ce "mai yiwuwa".

A masallacin kwatas ɗinmu an san ni. Kowa ya san in damina ta kama aka ce da mutum "Yaya ruwa?" amsar ita ce "Ruwa ya yi gyara," kowa ya kama gabansa. Ni kuwa sai in gyara tsayuwa in faro daga Pasifik. Na taɓa riƙe wani dattijo bayan sallar la'asar har ya ce mini zai je ya sabunta alwala, ban sake ganinsa ba sai washegari, a can ƙarshen sahu. A hankali mutane suka daina yi mini wannan gaisuwar. Ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya za a dube ni a ce, "Yaya aiki?" Sunan da suka laƙaba mini, mai teku, har cikin gida ya bi ni.

A wannan hali na ɗauko Inna, mahaifiyata, daga garinmu can bayan Gumel, dab da iyaka. Baba ya rasu, gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ƙannena duk mata ne suna gidajen mazajensu, ni kuma ga gida da famfo da wuta, ga asibiti a kusa. Ban ga abin jayayya ba. Ita ta gani, amma ba ta faɗa mini ba, domin ni ɗan fari ne. Tunda nake Inna ba ta taɓa kama sunana ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye muddin akwai wanda za ta bi ta kansa. Ina zaune a gabanta za ta dubi matata ta ce, "Ki tambayi mai gidan nan ko ya ci abinci." Da ta ji sunan da ake kirana da shi a kwatas sai abin ya zo mata da sauƙi. Na zama mai teku a bakin uwata, ita da ko kogin kirki ba ta taɓa gani ba sai a hanyar zuwanmu.

Kayanta ba su da yawa, amma akwai wani ƙulli a tsumman atamfa da ta ƙi yarda a saka a but ɗin mota. A cinyarta ya zo. Irin gero ne, na Baba. Ina yaro aka yi wani fari da ya share gonakin garinmu, shanu suka dinga faɗuwa a bakin rijiya, muka ci abubuwan da ba na son ambata. A gonar Baba wani ɗan sashe ne kawai ya yi ido, wani gajeren gero mai saurin nuna da ruwa kaɗan ke isarsa. Daga shi ya fitar da iri, kuma kowace kaka da hannunsa yake zaɓen zangarniyar da za a ajiye. A shekarar jinyarsa ba a yi noman kirki ba, 'yan'uwan da suka karɓi gonar kuma sun koma sabon irin da ake rabawa. Abin da ke cikin tsumman nan shi ne ƙarshen geron Baba a duniya.

Matata ta kai ta Ushafa wurin masu ginin tukwane, suka sayo wata 'yar tukunya mai murfi, aka zuba irin a ciki. Tukunyar nan ce kaɗai abin da na ji Inna ta yaba a Abuja. Manyan titunan ba su burge ta ba, ta ce an yi ɓarnar gona. Duwatsun kuma ta ce sun tare mata ganin gabas.

Wata rana da yamma muna zaune a baranda, ta dubi filin bayan gida inda matata ta shuka fulawa, ta ce da ita, "Ki gaya wa mai teku, ni da geron nan tafiyarmu ɗaya. In ya karɓi ƙasar nan, na zauna. In ya ƙi, a mai da mu inda aka ɗauko mu."

Na yi dariya a raina. Wai gero ya ƙi Abuja! Ƙasar da in ka sha mangwaro ka yar da ƙwallon sai ya tsiro maka a ƙofar gida. Na ga na riga na ci wannan shari'a. Kuma ina son in ci ta, so na gaske. Na gaji da zama da fargabar a kira ni a ce Inna ta faɗi a tsakar gida babu kowa a kusa.

To, a shekarar nan, tun kafin damina, tsakiyar Pasifik ta fara yin ja a allona. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da na ga jan nan ba jami'in gwamnati mai digiri ne ya gan shi ba, yaron nan ne da ya ga shanu a bakin rijiya. A ofis dai na yi abin da na saba, na yayyafa wa rahotona "mai yiwuwa" kamar gishiri. Amma a cikina fari ya riga ya sauka.

Cikin watan Afrilu aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Inna ta fito baranda tana shaƙar ƙamshin ƙasa, fuskarta cike da zargi, domin a lissafinta yanzu ne bazara ta kankama, a garinmu ko gajimare ba a fara gani ba. Ta ce da matata, "Ki tambaye shi, wannan ruwan shuka ne ko na yaudara?"

Na miƙe tsaye. Har yanzu ina tuna cewa sai da na miƙe. Karon farko a rayuwar aikina na yi magana babu "mai yiwuwa" ko ɗaya a ciki. Na ce, "A shuka gobe. Daminar bana gajeriya ce, tekun can ya ɗumama. Wanda ya yi jinkiri ya rasa."

Inna ba ta yi musu ba, domin maganar ta zo daidai da duk abin da ta sani. A garinmu ba a barin ruwan shuka ya wuce. Mutum yakan bar jana'izar nesa, ya bar kasuwa, ya fita da sungumi tun ƙasa tana da danshi, saboda ba wanda ya san ranar da wani ruwan zai sake zuwa. Irin kuma ya riga ya tsallake shekara guda a ajiye, in ya sake wata ba lallai ya tsiro ba. Saboda haka duka aka shuka, ba a rage ko ƙwaya ba. Fulawar matata ce ta biya kuɗin sabulu. Ta tsaya tana kallo ina tuge su, sannan ta ce, "Allah ya sa tekunka ya san darajarsu."

Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Oga mai teku, ka cire fulawa mai kyau ka sa ciyawa?" Na ce mata ta jira ta gani.

Ta kuwa gani. Geron nan ya tashi kamar ana jansa da igiya, kore shar, ya fi duk yadda na san shi a gida tsawo da kauri. Inna ma ta tashi tare da shi. Matar da sai an kama ta take sauka daga baranda, ga ta tun da safe a kan kujera 'yar tsugunno tana cire ciyawa, tana yi wa geron magana ƙasa-ƙasa. Ta ƙara cin abinci. Ta fara tambayar sunayen unguwanni. Har ta bar nas ɗin ta koya mata gaisuwa da yarensu. Ni kuwa na shiga gayyato abokan aiki su zo su ga yadda ilimi yake haɗuwa da gado. Ina tsayawa a bakin 'yar gonar in nuna gabas da yamma da hannu, ina ambaton tekuna, su kuma suna duba agogo.

Geron ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi. Abin da yake bukata daga nan shi ne rana, ya ƙosa ya bushe. A garinmu haka abin yake zuwa: yana nuna, ruwa yana ja da baya, kamar sun yi alkawari. A Abuja kuwa lokacin ne damina ta cire riga. Aka shiga ruwa safe da yamma, wani lokaci a wuni ana yayyafi, sama ta yi fari fat babu alamar rana. Takalman da ke cikin kabad suka yi funfuna. Gishiri ya narke a gwangwani.

Na koma allona ina neman wanda zan kama da laifi. Pasifik yana nan da jansa, bai canja magana ba. Sai na sauke idona ƙasa kaɗan, kan Atlantika, tekun da ke bayan gidanmu, wanda ya taɓa ƙwace mini takalmi. Shi ma ya yi ja. In ruwan gaɓar tekunmu ya ɗumama haka, hadari yakan yi nauyin ƙafa, ya tsaya yana zuba a kudu da tsakiyar ƙasa maimakon ya haura arewa sosai. Ni ina can ina leƙen abin da maƙwabcin nesa yake dafawa, na bar na kusa ya shigo mini har tsakar gida. Da ma a ce wannan ne kaɗai, da na sami abin faɗa. Amma akwai wata magana da ko ɗan firamare a Kwali, nan gefen Abuja, ba sai an gaya masa ba, ni ma kuma tana cikin takardun da ke kan teburina: daminar Abuja ko ta gajarce ta fi tamu mai albarka tsawo nesa ba kusa ba. Na yi shekaru ina zaune a garin nan, ina auna ruwansa, ina cin albashi a kansa, amma kalandar da ke cikin ƙirjina ta bayan Gumel ce.

Zangarniyar ta fara baƙi. Wasu ƙwayoyin suka tsiro a kanta tun tana tsaye, abin da Inna ba ta taɓa gani ba, har ta kira matata ta nuna mata tana salati. Tsuntsayen Abuja kuma, da ba su da wata gonar gero a duk faɗin unguwar, suka aika wa danginsu goron gayyata. Muka ɗaura gwangwanaye da tsummoki. Na kawo shawarar a rufe kowace zangarniya da leda, aka yi, washegari muka tarar sun yi gumi a ciki, funfunar ta ninka. Garin neman ƙiba mun samo rama. Daga ranar aka daina neman shawarata a bayan gida.

Wata safiya na fito zan tafi aiki, na hango Inna tsaye cikin yayyafi, ta riƙe lemar matata a kan wasu 'yan zangarniya da suka fi sauran lafiya, ita kuma ruwa yana dukan bayanta. Na shiga mota na zauna, na kasa tayarwa. Ban taɓa jin kunyar ilimina kamar ta wannan safiya ba, kuma ban taɓa jin tsoron rasa wani abu kamar haka ba.

Da ta ga za a yi biyu babu, sai ta sa wuƙa ta yanke waɗanda suka ɗan ƙosa. Ba su fi a riƙe a hannu ɗaya ba. Saura busarwa, ga shi babu rana. A gida sai a rataye iri a saman murhu hayaƙi ya kama shi, amma mu da gas muke girki. Matata ta ce a sa a tanda a ɗan kunna wuta kaɗan, Inna ta ce iri za ta ajiye, ba tumu za ta ci ba. Muka shimfiɗa su a ƙarƙashin fanka, fankar ta yi ta juya musu iska mai danshi.

A nan ne karatuna ya yi rana, karon farko a wannan shekara. Na tuna cewa duk Abuja babu wurin da na sani mai bushewar iska kamar ɗakin kwamfutocinmu. Esi ba sanyi kawai yake bayarwa ba, yana tsotse danshi, kuma na ɗakin nan ba ya mutuwa, saboda gwamnati ta fi tausayin injin a kan ma'aikaci. Akwai ma ma'aunin danshi a bango, ni nake duba shi. Na ce da matata ta gaya wa Inna ta ba ni aron geron. Inna ta daɗe tana kallon hannuna kafin ta saki.

Na naɗe su a jarida na saka a jakar ofis. Na wuce masu gadi ina gaishe su fiye da yadda na saba. A ɗakin kwamfuta na ɗaura zare daga bayan wata kabad zuwa ƙusar kalanda, na rataye geron Baba a saman injinan da suke kawo mini labarin tekuna. Kowace safiya in duba Pasifik, in duba Atlantika, sannan in juya in matsa ƙwaya da farce.

Abin da ban sani ba shi ne wasu 'yan majalisa za su zo ganin abin da aka saya mana. Darakta da kansa ya shigo da su, ina tsaye a kan kujera ina juya zangarniya. Daraktan namu Kirista ne daga tsaunukan Filato, dogo, mai ƙarancin dariya. Ya dube ni, ya dubi geron, ya dubi baƙinsa. Ɗaya daga cikinsu ya nuna da baki ya ce, "Wannan fa?"

Darakta ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Honorabul, wannan research ne. Muna duba yadda climate yana taɓa abincin talaka."

Suka gyaɗa kai da girmamawa. Wani ya ce irin wannan aikin ake so. Aka kira mai hoto, aka ɗauke su a ƙarƙashin geron Baba, ni ina gefe, ban ma tuna na sauko daga kujera ba.

Da suka tafi darakta ya dawo shi kaɗai, ya rufe ƙofa. Ya ce, "My friend, wannan ofis ne ko rumbu?" Na gaya masa komai, har sharaɗin Inna. Ya miƙa hannu ya murza ƙwaya ɗaya, ya sa a haƙori ya ciza. Ya ce, "Bai gama bushewa ba. Bar shi. Mama ɗina ma yana da acca ɗinsa a ƙauye, ko ni ba na taɓawa." Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Amma in na ga ɓera ɗaya a ɗakin nan, kai da research ɗinka za ku tafi tare."

Da ya bushe na mayar da shi gida. Inna ta zauna da faifai ta murje da tafin hannunta, ta tsince baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage bai cika gwangwanin madara ba, bai kai rabin abin da ta zo da shi ba. Ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana biyu ta buɗe, sun fitar da farin hanci. Irin yana da rai. Ta yi hamdala, ta zuba sauran a tukunyar Ushafa ta rufe. Ba ta ce komai a kan sharaɗinta ba, kuma kowa a gidan ya san da shi ake zaune.

Na zaɓi ranar da ta ci abinci sosai, na zauna a gabanta na buɗe shari'a. Na ce ƙasar ba ta ƙi geron ba, lokaci aka kuskure. Na ce yanzu na gane. Baɗi sai a bar ruwan farko ya wuce, a bar na biyu da na goma, a shuka can damina ta yi nisa, yadda zai nuna daidai lokacin da ruwa yake ja da baya zuwa teku. Na nuna da hannu yadda hadari ke haurawa da yadda yake komawa. Maganata gaskiya ce, har gobe ina kan ta.

Inna ta saurara har ƙarshe, abin da mutanen masallaci ba su taɓa yi ba. Sannan ta dubi matata ta ce, "Ki tambaye shi, ya tabbata?"

Matata ta juyo ta dube ni. Ita ma ta shaƙu da Inna, idonta yana roƙona. Kalma biyu kawai ake nema, in ce na tabbata, uwata ta zauna a gidana. Amma na san tekunan nan biyu, gwargwadon yadda mutum zai san abin da ya taɓa raba shi da takalminsa. Na san akwai shekarun da ruwa yake ƙin tafiya, ya zarce lokacinsa. Na san akwai waɗanda yake ɗaukewa babu sallama. Na dubi 'yar tukunyar nan, na tuna abin da ke cikinta bai cika gwangwani ba, na kuma tuna ranar da na miƙe tsaye a baranda.

Na ce, "Mai yiwuwa, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar amsar da take jira ke nan. Ta ce da matata, "Ki ce masa Allah ya yi masa albarka."

Ta ƙarasa rani tare da mu saboda maganin gwiwa. Da ruwan Abuja ya sake sauka, ta zauna a baranda tana kallonsa, tukunyar a rufe kusa da ƙafarta. Wajen ƙarshen watan Mayu ta juye irin a tsumman atamfarta ta ƙulle, na san lokaci ya yi. Matata ba ta iya bin mu ba saboda yara suna makaranta, mu biyu muka kama hanya.

Mun bar Abuja kore shar, gilashin mota yana jiƙe. Har Kaduna ana yayyafi. Bayan Zariya gajimare ya fara yagewa, ciyawa ta gajarce, sannan ta ɓace. Kafin mu shiga Kano ƙasa ta koma ja, bayan Gumel kuwa sai farin rairayi da zafi mai dukan fuska. Iyakar nan da nake ja da alƙalami a taswira kowane mako, tsakanin iskar teku da busasshiyar iskar arewa, ranar na ƙetare ta da tayoyin motata. Na buɗe baki zan yi bayani, na waiga na ga Inna ta zuge gilashi tana shaƙar iskar, sai na haƙura.

'Yan'uwa suka ware mata kusurwar gonar Baba. Ta ce binne za ta yi, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira. Suka ce za su yi mata, ta ce a'a, mai gonar ya bar ɗa. Da sassafe muka fita mu biyu. Aka ba ni sungumi, rabona da shi tun ina sakandare. Ina gaba ina sara, tana biye da sandarta, tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige. Kafin mu je tsakiya tafin hannuna ya yi bororo.

Babu kowa a gonar sai mu. Babu matata, babu wanda za a ce ya tambaye ni. Na ji takunta ya tsaya a bayana.

Ta ce, "Kai."

Na juyo. Ba ni take kallo ba, sama take kallo, wadda babu ko ɗigon gajimare a cikinta.

Ta ce, "Zai zo?"

Na ce, "Yana hanya, Inna. Mun baro shi a bayan Zariya."

Ta ce, "To." Ta jefa ƙwaya ta rufe. Sannan ta ƙara da cewa, "Ka rage zurfin ramin nan, ba rijiya muke haƙa ba."

Na kwana biyu na juyo ni kaɗai. Tun kafin in kai Zariya na ci karo da hadarin, baƙi ƙirin daga kudu, ya matso gaba da inda muka bar shi. Na gangara gefen titi na tsaya, na fito cikin ruwan. Ban san lokacin da na fara ɗaga hannu ina nuna masa arewa ba, kamar ɗan sandan da ke ba motoci hannu. Wani direban babbar mota ya rage gudu ya leƙo ya dube ni, ya girgiza kai ya wuce. Na koma mota a jiƙe sharkaf, wannan karon dai da takalmana biyu.

Bayan wasu makonni wayar matata ta yi ƙara muna karin kumallo. Lambar mai shagon kusa da gidanmu ce a ƙauye, ta nan Inna take aiko da saƙo. Matata ta ɗauka, ta gaishe ta, sai na ga ta zaro ido. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Wai in ba ka."

Muryar Inna ta zo daga nesa, da kukan awaki a bayanta. Ta ce, "An yi ruwa. Ya tsiro."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Yaya ruwan?"

Ta ce, "Ya yi gyara."

Layin ya katse. Na yi murna, kuma a cikin murnar na gane abin da na yi ta roƙo tun daga bakin titin Zariya: geron ya karɓi ƙasarsa, Inna ba za ta dawo ba. Matata ta tambaye ni ko ta mayar da fulawarta a bayan gida. Na ce ta mayar. Na ɗauki jakata na tafi ofis, tekuna suna jirana.